Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Ga shi dai hutu ya gabato, na kuma san da yawa daga cikinku tuni hankali ya tafi ƙauye wajen kaka, ko wani gari wajen kawu ko goggo. Idan ka shiga aji ka ce wa zai yi tafiya a wannan hutu, sai ka ga hannuwa sun tashi rututu. Amma da ka ce, to wace rana za a fara haɗa kaya a gidanku, sai a yi tsit, kowa yana kallon ɗan'uwansa. Wani ma yakan ce, "Ai Malam, Umma ce ke haɗawa da daddare." A kan wannan daren nake so mu yi magana, domin kuwa mafi yawan ɓacin ran da ake yi a tafiya, daga cikinsa yake fitowa.

Mutanen da sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yaran yanzu da suka tashi suka tarar da robar ruwa ba lalle su gane abin da ake nufi ba. Gora dai ɗan duma ne. Idan ya bushe sai a yanke bakinsa, a ƙwaƙule 'ya'yan da ke ciki, a zuba tsakuwa a yi ta girgizawa, sannan a cika shi da ruwa a bar shi ya kwana, a zubar a sake, har ɗacin ya fita. Aiki ne na kwana da kwanaki, ba kuma yadda za a yi ka gaggauta shi. Wanda ya fafe gorarsa da safiyar tafiya, ko dai ya sha ruwa mai ɗaci a hanya, ko ya zauna da ƙishirwa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, har kasuwar Salaga da ke ƙasar Gana ta yau, watanni suke yi a hanya, kuma madugu ba ya jiran wanda bai gama ɗaura wa jakinsa mangala ba. Mu yanzu tafiyar awa 3 muke yi a mota, amma ayyukan da ba su gaggautuwa suna nan, suna kawai suka canza. Wanki ne, da ɗinki, da neman kuɗi, da sayen magani.

Bari in ba ku labarin abin da ya faru da ni, don kada a ce Malam yana faɗin abin da bai taɓa ɗanɗanawa ba. Wata shekara muka shirya za mu tashi daga Kano mu je Katsina, daga can mu shiga wata motar zuwa garinmu, mu 8 har da jaririya. Na ce wa uwargida ƙarfe 7 na safe za mu fita. Ta ce to. Da daddare aka ɗauke wuta ana tsakiyar guga, sai da aka hura gawayi. Kayan yara 2 suna wajen tela, ya ce in aiko da sassafe. Da safe na aika, aka tarar bai buɗe shago ba. Takalmin wannan ƙafa ɗaya ya ɓace, wancan ya ɓata rigar da aka sa masa da koko, ni kuma ina tsakar gida ina faɗa, alhali ban ɗauki ko tsinke ba. Ba mu bar gida ba sai bayan Azahar. Muka isa Katsina ana kiran Magariba, motar garinmu ta riga ta tashi, dole muka kwana a gidan wani ɗan'uwa wanda bai san da zuwanmu ba. Duk wannan mai sauƙi ne. Cikin dare yaronmu mai ciwon asma ya fara shessheƙa, aka zazzage jaka 3 ba a ga abin shaƙarsa ba, ashe yana can Kano a kan taga. Ƙarfe 1 na dare ina yawon neman kantin magani a garin da ba nawa ba. Allah Ya kiyaye, yaro ya samu sauƙi, amma tun daga ranar na daina ɗora wa uwargida laifi, na zauna na yi lissafi.

Lissafin kuwa daga ƙarshe ake faro shi, a riƙa komowa baya. Kada ka tambayi kanka yaushe zan tashi. Tambayi kanka yaushe nake so in isa. A ce kana so ka shiga ƙauye kafin La'asar, da sauran rana, domin tafiyar dare da iyali ba abin so ba ce, musamman a wannan zamani. To lalle ka kasance a Katsina wajen ƙarfe 12, saboda motar ƙauye sai ta cika take tashi, wani lokaci ma sai ranar kasuwa ake samunta a sauƙaƙe. Daga Kano zuwa Katsina kimanin kilomita 170 ne, ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya da Caranci. Ka ba ta awa 3, har da tsayawar shan mai da shingayen hanya. Ke nan ƙarfe 9 ya kamata mota ta bar tasha. Jiran fasinja da lodi da cinikin kuɗin kaya, ka ware awa 1, wato ƙarfe 8 kuna cikin tasha. Daga gida zuwa tasha a adaidaita sahu, da neman wanda zai yarda ya kwashe ku da kayanku, minti 45. Karin kumallo minti 30. Wankan yara 6, kowane minti 10, awa 1 ke nan cif, ban da na manya. Idan ka tara za ka ga tun da aka idar da sallar Asuba aiki ya kama, babu hutu har a rufe ƙofa. To ina lokacin haɗa kaya a ciki? Babu shi. Safiyar tafiya a cike take tun kafin ta zo. Duk abin da aka bari sai da safe, daga lokacin isa ake cire shi.

Haka ma daren jajibere, ba shi da faɗin da muke zato. Ɗauki tufafi kawai. Mutum 8, kowa kaya kala 4, kala 32 ke nan. Idan gugar kowace kala ta ci minti 10, an tashi da minti 320, wato awa 5 da minti 20, mutum ɗaya a tsaye, in ma akwai wuta. Wannan uwar da ta wuni tana girki, ita za a ce ta yi wannan bayan Isha'i, sannan ta soya guzuri, ta yi wa 'yan mata kitso, ta kuma tashi kafin kowa. Ba mamaki a manta da magani a kan taga. Ni a ganina ba mantuwa ce ke damunmu ba. Aikin kwana 7 muke cusawa cikin dare ɗaya, sai abin da ya kasa shiga ya faɗo.

Maganin abin shi ne a raba ayyukan gida biyu. Akwai waɗanda ke hannunka, kamar ninke kaya da share ɗaki. Akwai kuma waɗanda ke hannun wani, ko hannun yanayi, kamar ɗinki, da bushewar wanki, da gyaran mota, da fitowar albashi. Na biyun su ne gorar da ake fafewa tun da wuri, domin ko ka yi fushi ba za su yi sauri ba.

Tela shi ne na farko. Idan tafiyar ta Sallah ce, kowa ya san yadda shagon ɗinki yake a goman ƙarshe na azumi. Ka kai ɗinki tun kafin azumi ya kama, ka kuma faɗa masa ranar karɓa wadda ta riga ranar tafiya da mako guda. Ba yaudara ba ce, ai kana bukatar a gwada, in wando ya yi tsawo a mayar a rage. Idan kuma saura kwana 3 kaya ba su fito ba, a cire su daga lissafi, a ɗauki na cikin akwati. Yaro ba ya ciwo don ya gai da kakarsa da rigar bara.

Sai wanki, wanda shi kuma ya danganta da lokacin shekara. Dogon hutu yakan faɗo a watan Agusta, tsakiyar damina, lokacin da shanya kan kwana 2 a igiya ba ta bushe ba. Wanda ya tura kaya masu danshi cikin jaka, zai buɗe ya tarar suna wari, wani lokaci har sun yi fumfuna. Don haka wankin damina a yi shi saura kwana 4. Na hunturu kuwa cikin awa 2 ya bushe, sai dai ƙura, a kwashe da wuri. Akwai kuma wani abu da iyaye kan sha'afa da shi. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, saboda haka Sallah takan matso da kimanin kwana 11 kowace shekara. Ƙaramar Sallar 1998 a ƙarshen Janairu ta faɗo, ana tsananin sanyi. Ta 2025 kuwa a ƙarshen Maris aka yi ta, zafi ya kankama. Babbar Sallar 2020 ranar 31 ga Yuli ce, ruwa na zuba. Wato abin da aka ɗauka zuwa gida shekara 5 da suka wuce ba lalle ya dace da bana ba. Kafin a buɗe akwati, a fara tambaya, wane yanayi za mu tarar a can? In sanyi ne, rigar sanyi da hula da man shafawa, tun ba ma in akwai yaro mai sikila ba, domin sanyi da ƙarancin shan ruwa suna tayar masa da ciwo. In damina ce, gidan sauro shi ne kan gaba, kada a dogara da cewa za a samu a gidan kaka, don ba ku kaɗai za ku sauka ba.

Maganar kuɗi kuma ta maigida ce. Waɗanda suka yi tafiya a watannin farko na 2023, lokacin da aka sauya takardun Naira 200 da 500 da 1000, ba za su manta da yadda tsabar kuɗi ta yi wuya ba, mutum da kuɗinsa a banki amma ba na shiga mota. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na wannan shekarar kuma, kuɗin mota ya tashi ƙwarai. Darasin da ke ciki shi ne kada ka yi lissafi da farashin zuwanka na baya. Saura mako guda ka leƙa tasha, ko ka aiki babban yaro, a tambayo nawa ne kujera, nawa ake karɓa a kan buhu, ƙarfe nawa motar farko ke tashi. Ka tanadi tsabar kuɗi da canji, saboda a ƙauye ba ko'ina ake samun sabis na tura kuɗi ta waya ba. Kuɗin dawowa kuma a ware shi daban, a ba uwargida ta ɓoye, domin in yana aljihun maigida, 'yan'uwa da abokan wasa za su cinye shi tun kafin a kwana 3. Mai motar kansa shi ma saura mako guda zai kai ta wajen makanike, a duba birki da taya da safaya, don in an ce sai an sayo wani abu, akwai sauran lokaci.

Yanzu bari mu zo kan takarda, wadda ita ce ginshiƙin abin duka. Saura kwana 10, a yagi falle ɗaya daga tsakiyar littafi, a rubuta sunan kowa, a ƙarƙashin sunan a jera abin da zai ɗauka. Da boko ko da ajami, duk wanda Umma ta fi iya karantawa. Wannan aikin naku ne ɗalibai, tun da kun iya rubutu. A manna ta a bango kusa da ƙofar ɗaki, a rataye biro. Amfaninta shi ne ba a zama ɗaya ake tuna komai ba. Yau ana cin tuwo wani zai ce, "Af, cajar waya." Gobe ana wanke-wanke a tuna da katin asibitin jaririya. Kowa ya tuna abu sai ya je ya rubuta. A ƙasanta kuma a buɗe jaka ɗaya a ajiye, abin da aka san ba za a bukace shi ba kafin tafiya, kamar kayan fita unguwa da tsarabar da ba ta lalacewa, a jefa shi ciki nan take a soke sunansa. Minti 20 kullum bayan La'asar ya isa. Kafin jajibere za ku ga kashi biyu cikin uku ya shige ba wanda ya gaji.

Ina roƙon iyaye su saki hannu kaɗan. Yaron da ya kai shekara 8 zai iya ninke kayansa ya sa a 'yar jakarsa ta makaranta, Umma ta zo ta duba daga baya. Yaya babba ta ɗauki nauyin ƙaninta ɗaya, ta san takalminsa da hularsa. Na san uwa za ta ce, "Ai in na bar musu sai sun ɓata mini." Gaskiya ne, karon farko za ki tarar da ƙwallo da kwalbar lalle a inda ya kamata a ga wando. Amma tun da saura kwana 5 ne, akwai damar gyara, ba kamar ƙarfe 12 na dare ba. Ku kuma ɗalibai, littafin aikin hutu da juzu'in da kuke hadda su fara shiga jaka kafin komai, a naɗe su a leda saboda ruwa. Na gaji da jin "Malam na manta shi a Kano" daga bakin yaron da bai manta da kayan wasansa ba.

Akwai jaka ɗaya da ba ta shiga but, ba a kuma ɗaure ta a saman mota. Ita ce 'yar jakar da za ta zauna a cinyar uwa. A cikinta ake sa duk maganin da wani ke sha kullum, na asma ko hawan jini ko sukari, wanda zai isa har a dawo da ƙarin 'yan kwanaki. A sa katin asibiti da na rigakafi, da farasitamol na yara, da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, saboda canjin ruwa kan taɓa cikin yara. Ƙunshi ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta ake kaɗa shi, in ya kwana ya wuni a zubar a sake sabo. In babu shi, ana haɗawa a gida, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin cokali, a lita 1. A jihohi da dama na Arewa ana bi gida-gida da damina ana raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata, ana sha kwana 3 a jere. In tafiya ta faɗo a tsakiya, a tafi da ragowar da katin, a kuma tambaya a asibitin garin da aka je don kada zagaye na gaba ya wuce yaro. Sai ruwan sha, da leda 2 ko 3 don mai amai a mota, da kayan canji kala ɗaya na ƙaramin yaro, da ɗan guzuri marar maiƙo, kamar dabino da gurasa da ƙuli-ƙuli. Wannan jakar ita kaɗai ce ake rufewa da safe, kuma mutum ɗaya ne zai karanta takarda da ƙarfi, wani yana taɓa kowane abu da hannunsa yana cewa ga shi.

Tsaraba ba zan tsawaita a kanta ba, kowa ya san ta gidansu. Abin lura kawai, sabulu da omo kada su haɗu da sukari ko gari a jaka ɗaya, ƙamshin yana kamawa. Manja da man gyaɗa a ɗaure bakin galan da leda, a tsayar da shi. Jakar nan da ake kira Gana-mas-go, wadda ta samo sunanta daga korar baƙin haure da aka yi a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, tana da cin kaya, shi ya sa ake cika ta har zif ya fashe a tsakiyar tasha. Gara matsakaita 2 da ƙatuwa ɗaya wadda sai ƙarti biyu sun kama. A rubuta suna da lambar waya a jiki, domin irinta goma ce a mota ɗaya. A kuma ƙirga yawan ƙunshin kaya tun daga gida, a gaya wa wani yaro lambar, duk inda aka sauka shi zai ƙirga.

Ranar jajibere, in an bi wannan tsari, kafin La'asar an zuge jakunkuna an jera su a zaure ko bakin ƙofa. Abin da ya rage shi ne gidan kansa. A kai wa maƙwabci amanar kaji da awaki tare da dusarsu, kada a bar masa ciyarwa. A rabar da abin da ke cikin firji, don ba a san yadda wuta za ta yi ba. A kifar da bokitai da tsofaffin gwangwanaye, randa da duro kuma a rufe su ruf, saboda sauro cikin kwana 7 zuwa 10 yake tashi daga ƙwai ya zama mai cizo, kada ku dawo ku tarar kun yi kiwonsa. A yi cajin waya da tocila da rana. Kayan da kowa zai sa da safe a rataye su, takalmi a ƙasansu, ƙafa biyu. Kitso da aski an gama tun shekaranjiya. Tukunyar gas da soket kuwa sai an gama karin kumallo, aikin maigida ne, shi zai fita a ƙarshe.

Saura dawowa, wadda ba a cika yi mata shiri ba. Kayan makaranta a wanke su a goge tun kafin a tafi, a bar su a rataye. A sa ranar dawowa ta riga komawa makaranta da kwana 2 aƙalla, don a ranar ƙarshe ta hutu tasha cike take, mota kuma ta yi tsada. Kaka za ta ce, "Haba ɗan nan, ku ƙara ko kwana ɗaya mana," to tun ranar da aka sauka ake faɗa mata ranar tashi, don ita ma ta samu lokacin daka kuka da ƙulla daddawar da za ta ba ku. Takardar nan ta bango a tafi da ita, da ita za a tattara kayan yara da suka warwatsu a gidajen dangi. In an dawo a ƙara rubuta abin da aka yi rashinsa a can, a soke abin da aka ɗauka bai yi amfani ba, sannan a ninke ta a sa a aljihun murfin akwati. Tamu tana nan, ta yi shekara 6, duk ta sha maiƙo, kuma abin shaƙar asma ne a layin farko da jan biro.